Intabiyu a Zauren Kawu

Tun da na gama jami'a nake zaune Garbadu ba aiki, har aka kira ni intabiyu ta bidiyo, aikin kula da hanyoyin ruwa na manoman rani a Bakura. Sabis ɗinmu ba abin dogaro ba ne, sai na hau mashin da safe na nufi gidan kawuna a Talata Mafara.

Ni mutum ne mai gudun a tambaye ni in rasa amsa. Don haka kafin lokaci ya yi na buɗe komai a tsohuwar kwamfutata: kundin digirina, taswirar hanyoyin ruwa, hotunan gonakin da na ɗauka a Maradun, amsoshin da na tsara, da shafukan intanet barkatai, ko za a buƙata.

Muna cikin gaisuwa da masu intabiyun sai fuskokinsu suka daskare. Fankar cikin kwamfutar ta hau kuka. Na motsa linzamin kwamfutar, kibiyar da ke kan allo ba ta motsa ba.

Kawu yana gefe kan buzunsa yana jan carbi. Ya ce, "Ɗana, mi ya samu abin ga? Ko ta shiga kwana?"

"Ba kwana ba ne, Kawu, aiki ne ya yi mata yawa."

"To ai ta biyo maigidanta."

Ina jin na san abin da ke faruwa, in ban yi kuskure ba. Ram, wato wurin da kwamfuta ke baza aikin da take kai, ƙarami ne a tawa. Idan ya cika, babbar manhajar da ke tafiyar da ita takan kwashe abin da ba a taɓa ba kwanan nan ta jibge a faifan ajiya, wanda ya fi faɗi amma nawa gare shi. Na taɓa taswira, sai ta je ɗauko ta, ta kori wani abu don a sami wuri. Na koma bidiyo, ta sake komawa ɗauko nasa. Kai da kawo kawai take, ba aikin da ke ci gaba.

Muryar wata mata ta fito a tsinke: "Malam, kana ji... in babu hali mu wuce ga na gaba."

Na danna rufe kundin, na jira. Na rufe hotuna. Shafukan intanet ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai na yi jim, ko shi za a tambaya. Taswira ta tafi. Saura amsoshina. Hannuna ya tsaya a kansu, fanka ba ta daina kuka ba.

Kawu ya ce, "Rufe mana. Kanka ado ne?"

Na rufe. Fuskoki suka motsa.

Matar ta tambayi yadda zan yi in manoman ƙarshen hanyar ruwa suka ce ruwa ba ya isowa gare su. Amsar tana cikin abin da na rufe. Na ce wataƙila zan fara bin hanyar da ƙafa in ga inda ciyawa ta toshe, kamar yadda na ga ana yi a Maradun, kafin in zargi na sama. Ta gyaɗa kai, ko kuwa bidiyon ne ya ɗan sarƙe, ban tabbata ba.

Bayan sati suka kira ni zagaye na biyu. Bidiyon kaɗai na buɗe. Amsoshin kuwa na haddace su a hanya, bisa mashin, don ba a sani ba.