Tallan Gidan Da Ban Sauke Ba

Ni ɗan tela ne, a Fagge aka haife ni, kuma har na kai shekara ashirin da bakwai ban taɓa ɗaukar allurar wani ba. Na tafi Guangzhou sarin kayan waya, harkar ba ta karɓe ni ba. Da yake ina jin Turanci da ɗan Sinanci, sai wani dillalin gidaje a unguwar Xiaobei ya ɗauke ni tafinta. Laoban muke ce masa, wato maigida.

Shi ya koya mini aikin daki-daki. Idan mai gida ya kawo gidansa, za a ɗauki hoto, a shigar da shi sau ɗaya a kwamfutar ofis. Sannan a zaɓi shafukan intanet da za a tura tallan. Idan an kama gidan, a sauke shi. Mai gida ba ya iya saukewa, ɗan haya ba ya iyawa. Dillali kaɗai ke da lambar sirri, kuma Laoban ya ba ni ita.

Shekarar Olamfik gari ya tsananta. 'Yan sanda na bin benaye suna duba fasfo, kowane baƙo sai ya yi rajistar inda yake kwana. Ka je wurin mai gida, yana ganin fatarka sai ya ce "mei you", babu. Mutanenmu suna neman ɗaki ido rufe.

A lokacin ne na samar wa Hajiya Talatu gida a hawa na sha biyu. Dattijuwa ce mai sarin takalma zuwa Kano, takardunta cikakku. Ranar da ta karɓi makulli ta ce, "Ɗana, ka sauke hotunan nan. Ni kaɗai ce, ba na son kowa ya san ƙofata." Na ce, "Hajiya, an gama."

Na sauke tallan daga shafukan Sinanci, waɗanda Laoban ke dubawa. Na bar shi a shafuka biyu na Turanci, na sa lambar wata waya tawa ta daban. Da farko duk wanda ya kira sai in ce an kama, amma akwai wani. Na gaya wa kaina wannan dabara ce, ba cuta ba. Daga baya na fara karɓar kafin alƙalami a hannun waɗanda ba su iso ba tukuna. Daga nan na fara rubuta musu takardar haya da adireshin Hajiya.

Tun daga ranar tsoro ya shige ni. Wayar nan tana ƙara, sai in waiga in ga ko wani na kallona. In na hango ɗan sanda a bakin tashar jirgin ƙasa sai in canja hanya. Sau biyu Hajiya ta ce mini wasu na buga mata ƙofa da jakunkuna. Na ce ɓatan hanya ne.

Wata Talata da hantsi ta kira ni. "Ɗana, ina ofishin 'yan sanda. Sun karɓe fasfona. Zo ka fassara mini, ba na jin abin da suke cewa."

Na so in gudu, amma na san rashin zuwana zai tona ni. Na tafi. Ashe mutum bakwai sun je rajista da adireshinta, ana zargin ta da ajiye baƙi ba izini. In ya tabbata, korarta za a yi daga ƙasar.

Jami'in ya ajiye takarda a kan tebur, tallan ne aka buga. Ya ce in tambaye ta lambar waye a ƙasa. Da bakina na tambaye ta. Ta ce, "Wallahi ban sani ba. Ka gaya masa kai ka sauke shi da hannunka." Ban fassara wannan ba. Jami'in ya ɗauki wayar tebur yana danna lambar ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa sai a lokacin na tuna ban kashe wayar nan tawa ba.

Hajiya ta dube ni ta ce, "Ɗana, aljihunka ne ke ƙara."

Na yi shekara uku a kurkuku, sannan aka sa ni a jirgi. Ita an mayar mata da fasfo, amma mai gidan ya kore ta, bizarta kuma ba a sabunta ba. Sarin da ta gina shekara goma ya tsaya.

Da na dawo na same ta a shagonta na Kano, na durƙusa. Ta dube ni ta ce, "Na yafe maka don Allah. Amma ka sauke?"

Na je na duba. Wasu shafuka sun kwafe tallan, ga hoton ƙofarta nan, kuma babu mai lambar sauke shi.

Yanzu ɗinki nake a shagon mahaifina, ina roƙon gafarar Ubangiji. Ku matasa, duk ranar da aka damƙa muku lambar sirri, ku sani ƙofar wani ce a hannunku. In kun ce an gama, to ku gama a ranar.