Telan Gwarzo da Adakar Littattafai

Malam Ja'afaru ɗan Mainika ne, amma a Gwarzo ya yi rayuwarsa, a wata 'yar rumfa ta bakin kasuwa inda yake ɗinki. Ya yi karatun allo, ya yi na zaure har ya taɓa nahawu da lugga, sai dai bai zama malamin kowa ba. Kawunsa ne ya ɗora shi a kan keken ɗinki, shi kuma ya ga sana'ar ta karɓe shi. Mutum ne gajere mai yawan fara'a, ga son tambaya kamar me.

A shekarun tsuke bakin aljihu ɗinki ya ja baya. Mutane suka daina yanka sabon yadi, sai faci da rage wuya. Don haka ya riƙa ɗaure kan kekensa a bayan basukur yana bin kasuwanni. Wata ranar kasuwa a Kabo ya sayi ƙosai wurin wata dattijuwa, Inna Asta, ta ƙunshe masa a takarda. Yana cikin ci sai ya lura rubutun Larabci ne, bugun inji. Ya goge man da gefen riga ya karanta. Wani matafiyi ne ke ba da labarin wani birni a Yaman, inda gidaje ke hawa shida da bakwai, kuma duk da laka aka gina su. Daidai inda matafiyin zai shiga gidan wani attajiri, takardar ta ƙare.

Ya koma ya sake sayen ƙosai, amma shafin da ya samu maganar jiragen ruwa yake yi. A karo na uku Inna Asta ta dube shi ta ce ko dai yunwa ce ta shekara ko kuma akwai magana. Da ya yi mata bayani ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce marigayi mijinta Ya'u ne ya tafi Makka a ƙasa, ya shekara tara a hanya, ya dawo da adaka cike da littattafai. Na addini ta kai wa liman, sauran kuwa liman ya ce labarai ne kawai. Da takarda ta yi wuya ta fara yagowa.

Ran nan Ja'afaru ya bi ta gida. Ya tarar da littattafai goma sha ɗaya, biyu sun riga sun tafi a ƙosai. Suka shirya zai riƙa kawo mata takardun buhun siminti, kuma ɗinkin sallarta ya zama nasa muddin rai. Ya ɗaure adakar a basukur, ya turo ta da ƙafa saboda nauyi, bai iso Gwarzo ba sai bayan la'asar.

Duka littattafan rihla ne, wato labarin tafiye-tafiye. Da yake aiki ya yi ƙaranci, ya samu lokacin karatu. Daga nan ya san cewa Larabawa ba iri ɗaya ba ne: na hamada daban, na bakin teku daban, manoman Masar kuma sun fi kama da mutanen Mainika fiye da yadda suke kama da 'yan kasuwar Sham. Ya karanta yadda ake saukar baƙo kwana uku ba a tambaye shi abin da ya kawo shi ba, da yadda ake girgiza finjali in gahawa ta ishi mutum. Abin da ya karanta da safe, shi zai ba da labarinsa da yamma, rumfar ta cika da masu faci da waɗanda ba su kawo komai ba. Ba a jima ba aka laƙa masa Malam Yaman.

Da wani alhaji ya kawo masa tsarabar 'ya'yan gahawa, ya ba matarsa Furera ta soya ta daka kamar yadda littafi ya ce. A turmin yaji ta daka. Abokai biyar ya gayyato, kowa ya kurɓa sau ɗaya ya hau girgiza finjali yana hawaye. Furera ta ce daga bayan ƙyaure ai littafin bai faɗi turmin da za a yi amfani da shi ba.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, kasuwarsa ta farfaɗo. Samari suka yi ta kawo farin yadi a yi musu jallabiya, mata kuma hijabi. Yana ɗinkawa da murna, amma in wani ya ce wannan ce kaɗai shigar Musulmi, sai ya ajiye almakashi. Ya ce a Yaman maza zani suke ɗaurawa, a Oman akwai hula mai aiki kamar tamu, kuma duk alƙibla ɗaya suke kallo. Wasu samarin ba su ji daɗin haka ba, suka kai maganar gaban limamin unguwa. Liman ya saurare shi, ya duba shafukan da ya nuna masa, a ƙarshe ya roƙe shi ya riƙa zuwa bitar maniyyata yana faɗa musu halin mutanen da za su tarar.

A shekara ta uku da fara Shari'a wani Balarabe mai suna Mahbub ya zo duba rijiyoyin burtsatse da wata ƙungiyar agaji ke haƙawa a Masanawa da Madadi. Tafintansa ya kwanta zazzaɓi, aka aika a kira Malam Yaman. Ja'afaru bai taɓa magana da Balarabe ba. Ya sa babbar riga, ya je ya zuba gaisuwa irin ta littafi, doguwa mai ƙafiya. Baƙon ya saki baki, sannan ya rungume shi yana dariya, ya ce rabonsa da jin irin wannan Larabci tun kakansa na da rai. Ashe ɗan Yaman ne, daga birnin nan mai dogayen gidajen laka. Ja'afaru ya shiga jero masa ƙofofin birninsu da kasuwar gishiri da ta maƙera, Mahbub yana cewa wannan tana nan, waccan ta zama tashar mota.

Kwana goma suka yi tare. Mahbub yana da ɗan littafi da yake rubuta abin da ya gani, ranar da zai tafi ya ba Ja'afaru ya duba masa sunayen garuruwa. A ciki Ja'afaru ya ga an rubuta cewa mutanen wannan ƙasa kaza suke ci kullum, kuma ba su da aiki sai gaisuwa.

"Malam Mahbub, kajin nan saboda kai aka yanka su," in ji Ja'afaru. "Masanawa ba ta ga nama haka ba tun babbar salla. Gaisuwar ma, da rani ka zo. Ka dawo da damina ka ga ko za ka sami mai tsaya maka."

Mahbub ya karɓi alƙalami ya gyara. A hanyar komawa gida Ja'afaru ya yi ta dariya shi kaɗai, don ya gane cewa matafiyan da ya shekara goma sha bakwai yana karantawa su ma baƙi ne, an yanka musu kaji. Bai daina karatun ba. Sai dai daga ranar, in zai ba da labari yakan fara da cewa ga abin da baƙo ya gani, masu gida kuma ba a ji ta bakinsu ba.

Bai taɓa fita Najeriya ba. Sau biyu ana sa ran kujerar Makka tana wuce shi, bai nuna damuwa ba. 'Yarsa Kamila ta karanta Larabci a Kano, tana koyarwa a wata sakandaren 'yan mata. Da idonsa ya yi rauni ya bar wa ƙaninsa rumfar, ya koma Mainika yana kiwon tumaki. Kamila takan zo ƙarshen mako ta karanta masa, shi kuma yana tsayar da ita yana gyara mata wasali.