Takarda Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Har gobe ranar da aka buɗe takarda mai lamba goma sha bakwai ba ta fita raina ba. Lokacin ina malamin Turanci a wata sakandaren gwamnati a Jimeta, a shekarar da 'yan gudun hijira suka cika mana azuzuwa har wasu na zama a ƙasa.

Sanarwa ta zo cewa manya daga ma'aikatar ilimi za su kawo ziyara, kuma ɗalibi ɗaya zai yi jawabi. A al'adarmu firinsifal ne ke nuna yaron da yake so. Ni da karambanina na ce a yi gasa: kowa ya rubuta, a cire suna a sa lamba, kwamitin malamai ya zaɓa.

Lamba goma sha bakwai ta ci. Takardar ta faɗi gaskiya tsirara, cewa yaran hijira ne kaɗai ke zama a ƙasa, kuma malamai ba sa kiransu ko sun ɗaga hannu. Firinsifal ya karanta yana gyaɗa kai.

"Wannan Aminu ne," in ji shi. "Jini ba ya ɓuya. Shugaba ne tun yanzu."

Aminu ɗan wani darakta ne daga unguwar Makama. Na buɗe jerin sunaye na ce, "Ranka ya daɗe, Masi ce, 'yar gudun hijira daga Michika. Uwarta na soya ƙosai a Gwadabawa."

Ko harafi ɗaya bai canza a takardar ba, amma nan take ta zama rashin kunya. Ya ce mun karɓi yarinya ba ko takardar shaida, yau ita za ta tona mana asiri? In ta hau dandamali, ta nemi wata makaranta. Na yi musu har muryata ta dushe. Malaman da suka ba ta maki mafi yawa duk suka dukufa kallon wayoyinsu, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Ran ziyara Aminu ya karanta takardar Masi, kalma da kalma. Aka yi ta tafi, babban baƙo ya rungume shi ya ce irin waɗannan yara ƙasa ke bukata. Bayan mako biyu mota ta iso cike da sababbin bencuna.

Na tarar da Masi zaune a kan sabon benci, na fara kame-kamen ba ta haƙuri.

"Malam, bari kawai," ta ce. "Da ni ce na karanta, da har yanzu muna ƙasa."

Abin haushin, gaskiya ta faɗa. Mu malamai kullum muna cewa yara su buɗe baki su yi magana, amma kafin mu saurara sai mun tambayi ɗan wane ne. Shekara biyu na ƙara koyar da Masi. Tana da benci, tana cin jarrabawa, amma ban sake ganin ta ɗaga hannu ba.