Ya'u Kafinta da Buhun Albasa

A layin 'yan albasa na kasuwar Ose Okwodu da ke Anacha, in ka ce kana neman Ya'u kafinta, sai an tambaye ka wanne. In ka ce Ya'u mai buhu, ko ɗan okada zai kai ka.

Ya'u yana da ɗan injin yankan katako mai teburi, irin wanda mutum ɗaya ke cicciɓa. Da shi yake yi wa 'yan kasuwa benci da teburin kasa kaya. Injin yana da bututu ta baya inda garin katako ke fita, kuma tun ranar da aka sayo shi, bututun nan rumfar Lai'atu yake kallo. Lai'atu, wadda muke kira Maman Edwin, mutuniyar Zonkwa ce, dakakken barkono take sayarwa a buɗaɗɗun tasoshi.

Da ta fara ƙorafi, wani ya ba Ya'u shawara ya ɗaura buhu a bakin bututun, amma wanda iska ke ratsawa, don kada ya kumbura ya fashe. Ya'u ya yi nazari. A duk Anacha babu buhun da iska ke ratsawa kamar ragar albasa. Ya ɗaura, ya kunna inji, ya tura jan katako da kwanciyar hankali. Buhun bai kumbura ba, bai fashe ba, bai kuma riƙe komai ba. Ya dai tankaɗe garin, ya aika wa Maman Edwin mai laushin.

Da yake launin ya zo ɗaya, ba a gane ba sai da wata mai tuwo ta dawo tana cewa barkonon bana babu zafi, amma yana sa miya kauri.

Maman Edwin ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki tasa ta dire gaban Alhaji Awwalu, shugaban layi.

"Alhaji, ɗanɗana."

Ya lasa, ya sake lasawa. "Wannan ai ƙofa ce."

"Benci ne," in ji Ya'u, wanda ba ya son a yi kuskure a kan aikinsa.

Hukunci ya fita nan take: ko ƙurar ta tsaya, ko Ya'u ya bar rumfar. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne gare shi. Daga wani ƙauye kusa da Ringim ya zo yana dakon albasa, ya fara da gyaran bencin da ya karye a ƙarƙashin masu gida, har ya zama kafinta. Duk wanda ya san hannunsa a layin nan yake. In ya tashi, sai dai ya koma ɗaukar buhu a ka, ga gemu ya fara fari.

Sai ya shiga neman injin zuƙe ƙura. Ya gano bakin bututunsa daidai yake da gwangwanin tumatir, don haka ya sa gwangwanin a aljihu yana bin shaguna, yana gwada shi a bakin kowane tiyo kamar mai neman wa 'yarsa takalmin salla. An nuna masa wani babba, irin na manyan masu yanka katako. Ya fi injinsa girma, kuma janaretonsa ko kallonsa ba zai iya ba. An nuna masa na share dardumar falo. Ya aro ya gwada, katako biyu matatarsa ta toshe, injin ya koma kuka kamar akuya a ɗaure. Daga ƙarshe ya tsaya a kan matsakaici mai durom. Ya sa bokitin fenti tsakaninsa da injin yanka, ya huda murfin wuri biyu, tiyo ɗaya na shiga ɗaya na fita, yadda garin mai nauyi zai zube a bokiti kafin ya kai ga matata. Inda ya ga iska na tserewa, ya naɗe da robar tayar okada.

Ranar gwaji Maman Edwin ta ajiye farin faranti a gefen teburinta. Ya'u ya tsaga jan katako har ƙarshe, ya kashe inji. Ta shafa farantin da yatsa, ta duba, ta sake shafawa don kada a ce ta yi saurin yarda.

"Malam Ya'u, ka zauna," ta ce. "Amma bututun nan a juya shi ya kalli rumfar Alhaji."

An juya. Alhaji Awwalu dai ya matsar da kofin shayinsa.

Sunan mai buhu kam ya riga ya bi Ya'u. Kwanan baya 'yan albasa suna sauke kaya, ɗayansu ya ɗaga wata yagaggiyar raga ya ce, "Injiniya, ga sabon kayan aiki ya iso, mu ajiye maka?"

Ya'u bai ɗago daga awon da yake yi ba.

"Shekara nawa na yi ina ɗaukar muku buhun nan, ban taɓa ganin albasa ɗaya ta fice ba," ya ce. "Ni kayanku na yarda da shi."