Bishiyar Ƙofar Ɗakin Mai Fulawa

Duk unguwar Mai Fulawa ake ce masa. Aikin lambu ya yi a gidajen mutane har ƙarfinsa ya ƙare, kuma abin da ya tsira da shi bai wuce almakashin aske shinge ba, sai wata bishiya da ya dasa a ƙofar ɗakinsa tun 'yarsa ta fari tana goye.

Bishiya ce kyakkyawa, fure ja, ganye siriri, rani da damina tana nan shar. Amma guba ce tun daga saiwa har fure. Ko akuya, da ba ta raina abinci, shinshinawa take ta wuce. Ya kewaye gindinta da tsirrai masu ƙaya don kada yara su matsa, bai kuma taɓa yarda an shuka abin ci kusa da ita ba. Karatunsa kullum ɗaya ne: kada a ƙona reshenta, hayaƙin ma cuta ne, wanda farin ruwanta ya taɓa ya wanke hannu da sabulu. 'Yar ta sha wannan karatu har ya gundure ta.

Bayan rasuwar matarsa tsufa ya fara yi masa sata. Sunayen maƙwabta suka tafi, hanyar kasuwa ta bi su. 'Yar ta kwaso keken ɗinkinta ta dawo gidan. Wata rana ya dube ta ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Ta shige ɗaki ta sha kukanta. Bishiyar ce kawai bai manta ba. In ya ɓace aka kamo shi yana turjewa, da ya hango jan furen sai jikinsa ya saki, ya ce, "Yauwa, mun iso."

Ran nan ta ɗago kai daga keke, ta gan shi yana tauna ganyenta hankali kwance. Mutumin da ya hana duniya taɓa ta! Da yatsa ta ƙwaƙulo ganyen, duk da haka ya wuni yana amai, likita kuma ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki na biyu ba.

Ta kewaye bishiyar da raga, ya yanke da almakashi. Ta ɓoye almakashin, ya sa hannu. Ɗinki ya tsaya cik, don ido ɗaya ba ya gadi ya bi allura. Ƙanenta da ke wani gari ya ce ta waya, "Yaya, a sare ta mana." Daga nesa faɗa ba wuya.

Ranar da maƙwabci ya raka tsohon asibiti ta kira mai gatari. Tana tsaye ta ji bakinta yana cewa kada ya ƙona rassan, ya kuma wanke hannu da sabulu. Ya sare bishiyar, ya kwashe rassan.

Da aka dawo da shi ya tsaya a tsakar gida, ya daɗe yana dube-dube. Sannan ya juyo cikin ladabi ya ce, "Baiwar Allah, na gode da karamci. Taimaka ki kai ni gida."

Tun ranar ba ya kwana sai da takalmansa a kusa. Kullum da safe yana zaune bakin ƙofa, ya sa su tsaf, yana tambayarta yaushe za su tafi. Ita kuma ta ce, "To Baba, bari in gama wannan ɗinkin."