Yadda Na Sayar da Dogo

Akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba a shekarun da na yi ina tura marasa lafiya a wani babban asibiti da ke Camberwell, wato Larabar da na sayar da Dogo. Ku da kuka shigo daga baya kuna jin ana tsokanata da sunansa, gara ku ji daga bakina kafin abokin aikina Seidu ya ƙara gishiri.

Aikinmu dai tura gado ne da keken marasa lafiya, daga ɗakin kwana zuwa ɗakin hoto ko na tiyata. A samanmu akwai shugaba, a lokacin Madam Pauline ce, ita ke riƙe da rota, wato jadawalin ranakun aiki. Dokarta ba ta lanƙwasuwa: mai son hutu ya cike takarda makonni shida kafin ranar. Idan abu ya taso bagatatan, sai ka nemo wanda zai karɓi ranarka, a rubuta, ta sa hannu.

A shekarar ne Darren, wani Bature abokin aikinmu, ya kawo mana wasa ɗakin shan shayi. Ƙwallon Amurka ce, wadda ake rungumewa a ruga da ita. Kowa zai zaɓi 'yan wasa na gaske a wayarsa ya haɗa ƙungiyar ƙarya, abin da suka yi a fili ranar Lahadi shi ne makinka ranar Litinin. Fantasy suke ce masa. Babu kuɗi a ciki, sai cika baki.

Ni ko mutum ɗaya ban sani ba a cikin 'yan wasan. Amma mahaifina dillalin dabbobi ne, saboda haka na riƙa duba hotuna yadda ake duba rago: ƙafa, ƙirji, tsawon hannu. Na ɗauki wani matashi da fitowarsa ke nan daga jami'a, irin waɗanda ke sheƙawa da gudu su cafe ƙwallon da aka jefo daga nesa, wide receiver a bakinsu. Sunansa ya fi ƙarfin harshena, na raɗa masa Dogo. Darren ya yi dariya ya ce yaron yana da gudu, hannunsa ba ya sakin ƙwallo, amma akwai manya a gabansa, sai dai baɗi. Gaskiyarsa ne. Makonni biyar Dogo yana ɗumama benci.

Ana haka, ran wata Asabar yarinyar gidana ta fari ta sauka lafiya, aka sami namiji. Dangin mijin duk suna Kano, don haka bikin suna a flat ɗina na unguwar Edmonton za a yi, kuma ni ne babba. Asabar ɗin sunan kuwa ina kan rota tun safe har yamma.

Ranar Litinin na je wurin Madam Pauline. Ta ce, "Me ya faru?" Sai bakina ya yi nauyi. 'Yar fari ce fa. Ko sunanta ban taɓa kira a gaban mutane ba, balle in tsaya a ofis ina shelar ta haihu. Na ce, "Wata hidima ce ta gida." Ta ce hidimar gida kowa yana da ita, in nemo mai karɓa. Na duba rota, mutum ɗaya ne ke hutu ranar: Darren, wanda ko gobara ake ba ya ba da Asabar ɗinsa, saboda kamun kifi.

Na sami Seidu, mutumin zangon Kumasi, na zayyana masa. Ya ce, "Massa Habu, yarinya ya haihu, kai kana ɓoye? Ka gaya ma mutumin kawai, shi zai yi cover."

Na ce, "Roƙo? Allah ya kiyaye. Ciniki za mu yi. Kai dai ka taya da tsada."

Ranar Laraba, lokacin shayi, muka buɗe kasuwa da Turanci, da ƙarfi yadda Darren zai ji. Seidu ya ce in ba shi Dogo ya ba ni mutum biyu. Na ce albarka. Ya ƙara na uku. Na kawar da kai na ce wani ɗan'uwana a Amurka ya ga yaron da idonsa, ya ce iska ma ba ta kamo shi. Ba ni da kowa a Amurka, Allah ya yafe mini. Darren yana gefe yana juya cokali, can ya ce, "Ni me kake so in ba ka?"

Na yi kamar ina tunani, na ce, "Ɗan wasa ba ya yi mini. Sai dai Asabar ɗinka." Ya dafe kai, ya ce kifinsa fa, ya yi tsaki, sannan ya miƙo hannu. Ya ce takarda in bar masa. Na tura masa Dogo nan take, na fita ina jin yau na gaji ubana: na sayar da ragon da ba ya tashi a farashin bijimi.

Aka yi suna lafiya. Na riƙe jikana, idona ya cika, na ce hayaƙin suya ne.

Ranar Litinin na tarar ɗakin shayi ya kaure. Ashe babban da ke gaban Dogo ya ji ciwo a atisaye tun farkon wancan makon, labarin yana wayar kowa sai tawa. Aka saki Dogo ranar Lahadi, ya yi ta cafe ƙwallo yana tsere wa mutane, Darren ya zarce kowa a maki. Ina cikin haɗiye wannan sai Madam Pauline ta kira ni in sa hannu a takardar musanya, ta yi mini barka da jika. Na duba takardar. Darren ya cike ta tun ranar Talata, kwana ɗaya kafin mu buɗe kasuwarmu.

Na nemi Seidu, ya shige lif da gado ya rufe ƙofa. Darren kuwa bai ko ɓuya ba. Ya ce, "Seidu ya gaya mini tun Litinin, na ba ka ranar kyauta. Amma da na ga kun fara wasan kwaikwayo, sai na ga bai kamata in ɓata muku ba. Me aka sa wa yaron?"

Kunya ta kama ni har tafin ƙafa, daɗi kuma ya kama ni tare da ita. Na faɗa masa sunan jikana. Ya ce uwar fa, ya sunanta? Na waiga hagu da dama, na faɗa a hankali.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki mutanen da kuke tura gado tare sun fi ka sanin nauyin da ke kanka, kuma za su ɗauke maka in ka buɗe baki. In ka ƙi buɗewa za su ɗauke maka duk da haka, sai dai su tafi da mafi kyawun ɗan wasanka.