Kassimu Mai Majigi da Fim ɗin da Ya Nuna Mini

Da hantsin ranar Talata, 13 ga Rabi'us Sani 1433, wato 6 ga Maris 2012, Allah Ya karɓi ran Malam Kassimu Mato, wanda muka fi sani da Kassimu mai majigi, a gidansa da ke unguwar Ruwais a Jidda. Ya rasu yana da shekara sittin da bakwai, bayan jinyar ciwon ƙirji ta wata biyu. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma.

Baba Kassimu, kai ka ba ni tarihinka da bakinka. A Damagaram aka haife ka. Kana saurayi wani fada, wato limamin 'yan Katolika, ya ɗauke ka aikin gyaran inji, a hannunsa ka koyi juya majigi da Faransanci. Ka ce shekara shida kuna tare bai taɓa ce maka ka bar sallarka ba. A 1975 ka zo aikin Hajji, ba ka koma ba. A lokacin akwai masu haska fim a farfajiyar gidaje a nan Jidda, suka riƙe ka saboda ka iya haɗa faifai idan ya tsinke. Da aka daina wannan harka, ka sami kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, ka buɗe ɗan shagon gyaran rediyo da bidiyo a Bab Makka. A nan na san ka, ina sabon zuwa, ban iya ko tambayar hanya da Larabci ba. Kai ka samo mini aikin sito a Khumra.

Mutane da yawa za su faɗi alherinka. Ni abu ɗaya zan faɗa, domin babu wanda ya san shi sai ni da kai.

A ambaliyar 2009 ruwa ya tafi da matata Zubaidatu, a hanyarta ta dawowa daga duba wata mai jego. Kwana huɗu muna nema kafin mu same ta. Bayan an binne ta na daina salla. Ban yi shela ba, ban yi musu da kowa ba. Idan aka kira salla sai in shige bayan katan-katan na sito in zauna. Na yi kusan wata biyar a haka.

Wata ranar Alhamis bayan Azahar na zo shagonka karɓar rediyo. Ka dube ni, ka sauke ƙofa rabi, ka ciro wani kaset ɗin bidiyo daga ƙasan akwatin kayan aiki. Na san ajiye irinsa a garin nan ba ƙaramar kasada ba ce, ballantana ga baƙo mai zama da iƙama, wato takardar izinin zama. Tsohon fim ne, baƙi da fari, da Faransanci, kana fassara mini kana gyara zaman tabarau.

Labarin wata bazawara ce mai wankau a wani ƙauyen kan dutse, wadda ta ce Nana Maryam ta bayyana gare ta a bakin rijiya. Gari ya rabu biyu, masu gaskata ta da masu cewa ta taɓu. Sai aka aiko wani fada ya bincika. Shi kuwa tun da ƙaninsa ya mutu a yaƙi zuciyarsa ta bushe, addu'a yake yi da baki kawai. Ya zauna bakin rijiyar nan kwana da kwanaki, bai ga komai ba, haka kuma ya rubuta wa manyansa. Amma kullum da safe shi ke goya wani tsoho gurgu ya kai shi wurin, saboda tsohon ya roƙe shi.

Na ce, "Baba, kai ka yarda matar nan ta ga abin da ta ce?"

Ka ce, "Ni Musulmi ne, Badaru. Aƙidarsu daban, tamu daban, shi ke nan. Na haska fim ɗin nan ya fi sau hamsin a Damagaram. Kowa matar yake kallo. Ni mutumin nan nake kallo, da bai ga komai ba kuma bai gudu ba."

Ba ka tambaye ni komai ba, ba ka kawo mini aya ko hadisi ba, ko da yake ka san su fiye da ni. Da aka kira La'asar ka kashe bidiyon ka ce, "Yalla, tashi ka raka ni masallaci, gwiwata na damuna. Ba sai ka shiga ba."

Na raka ka, na tsaya a ƙofa wajen takalma. Ka ce in dawo Alhamis mai zuwa, na dawo. Alhamis shida ina kai ka ina tsayawa a waje, ko sau ɗaya ba ka waiwayo ka ga ko na biyo ka ba. A ta bakwai na yi alwala. Ban ji wani abin mamaki ba, ban yi kuka ba. Na bi sahu na yi raka'a huɗu, da muka fito ka ce mu je mu sha shayi. Tun daga ranar ban sake barin salla ba. Shakkar ba ta tafi rana ɗaya ba, har yanzu takan leƙo, amma a kan sallaya take samuna.

Ban taɓa yi maka godiya da baki ba. Sau biyu na zo duba ka da niyyar in yi, sai mu ɓuge da hirar farashin batir.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Hajiya Fatouma, wadda ta yi jinyarka ba ta ƙosa ba, da ɗanka Idris, da 'yarka Rabi'a, da danginka na Damagaram waɗanda labarin ya iske ta waya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku.

Ya Allah, bawanKa Kassimu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ya jira ni har na dawo gare Ka, ni shaida ne. Ka saka masa da abin da ni ban iya ba. Amin.

Badaru Na'ibi
Khumra, Jidda